Yadda ake gano cutar ALD daga Kumasi: wane gwaji ne farko, wane ne zai biyo baya

Tun ranar da na yi magana a wani taron mata a unguwar Aboabo da ke Kumasi kan yaran da fatarsu ke ƙara duhu ba gaira ba dalili, wayata ba ta huta ba. Masu tambayar kashi biyu ne. Akwai uwar da ɗanta mai shekara bakwai ya koma baya a karatu, rubutunsa ya lalace, an sha maganin zazzaɓin cizon sauro har an gaji. Akwai kuma wanda 'yar'uwarsa ta kira daga New York ta ce an gwada jaririnta an ga ALD, likita ya ce a sanar da dangin uwa na gida. Jihar New York ta fara yi wa jarirai wannan gwaji a ƙarshen 2013, shi ya sa irin wannan kira ya fara shigowa zango. Duka dai abu ɗaya suke son ji: ta ina za a fara, me za a ce likita ya rubuta a takarda, kuma me za a tanada.

ALD, wadda cikakken sunanta a Turance shi ne adrenoleukodystrophy, cutar gado ce da ba ta da yawa, wajen mutum 1 cikin 17,000. Jiki ne ke kasa narkar da wani irin kitse mai dogon zare, sai ya taru ya ɓata wuri uku: ƙwaƙwalwa, lakar baya, da wasu 'yan tsoka biyu da ke zaune a kan ƙoda kamar hula, waɗanda likitoci ke ce wa adirinal. Ni hular ƙoda zan riƙa ce musu. Maza ta fi yi wa illa, kuma ta wajen uwa take zuwa musu. Ku bi matakan a jere yadda na kawo su, domin jerin yana da dalili.

Mataki na 1: Ku rubuta abin da ido ya gani

Ku sayi ƙaramin littafi, ku ware shi don wannan aiki kaɗai. A rubuta watan da aka fara lura da canji, da abin da aka gani, ko da ana ganin ƙarami ne.

A yaro namiji, galibi tsakanin shekara 4 zuwa 10, abin yakan fara da hali. Ba ya natsuwa. Ana yi masa magana kamar bai ji ba, alhali an duba kunnen lafiya lau. Surar da ya haddace bara ta zube, malamin makaranta ya ce wasa ya yi masa yawa, a sa masa bulala. Daga baya a ga yana karo da ƙofa, yana tuntuɓe a fili, rubutu na sauka daga kan layi. Ku nemo littafinsa na boko na bara da na bana, ku tafi da su asibiti. Likitan jijiya zai karanci abin da ke cikin shafi biyun nan fiye da bayanin rabin awa.

Alamun hular ƙoda daban suke, kuma sukan riga na ƙwaƙwalwa da shekaru: kasala, rama, yawan amai, kwaɗayin gishiri, da zazzaɓi ɗan kaɗan da ke kwantar da yaro har sai an ƙara masa ruwa. Sai duhun fata. Mu baƙaƙe ba a fuska ake ganewa ba. Ku ɗaga leɓensa ku duba dasashi, ku buɗe tafin hannu ku duba zanen ciki, ku duba gaɓoɓin yatsu da tsofaffin tabo. Ku kwatanta da hoton sallar shekara biyu da ta wuce.

A babban mutum, daga shekara 20 zuwa 40, ƙafafu ne ke sandarewa a hankali. Yana jan ƙafa, gaban takalmi na cinyewa, fitsari na matsa masa ko ya kufce. Mata masu ɗauke da gadon su ma da yawa sukan ga irin wannan bayan sun haura 40, sai dai da sauƙi.

Hattara: duk waɗannan alamu sun fi fitowa daga wasu cututtuka da muka saba da su, kamar zazzaɓin da ya hau ƙwaƙwalwa, sanƙarau, farfaɗiya, tarin fuka ko ƙarancin bitamin B12. Littafin nan na likita ne, ba don ku yanke hukunci a gida ba.

Mataki na 2: Ku zana dangin uwa

Wannan ba ya cin ko sidi ɗaya, amma shi aka fi tsallakewa. A zauna da kaka ta wajen uwa, ko wata dattijuwa da ta san gidan. A tambayi labarin kawunnai, wato 'yan'uwan uwa maza, da 'ya'yan inna maza. Akwai wanda ya rasu yana yaro bayan ya daina gani ko ya daina magana? Akwai wanda aka ce aljanu sun shanye masa ƙafa yana saurayi? Akwai yaron da ya rasu farat ɗaya bayan amai da zazzaɓin kwana biyu? A haɗa har da na Tamale, Bawku, Salaga, Lome ko Sakkwato.

Hattara: in ba a samu kowa ba, wannan bai kore cutar ba. A wajen kashi 5 cikin 100, canjin ƙwayar gadon a jikin yaron ya fara, uwar ba ta ɗauke da shi.

Mataki na 3: Takardar turawa

Ku duba katin inshorar lafiya na NHIS kafin ku fita, in ya mutu a sabunta ta *929#. Ku fara da asibitin da ke kusa, kamar na Manhyia ga mutanen Asawase da kewaye, ku nemi takardar turawa zuwa Komfo Anokye, wanda duk Kumasi ke ce wa Gee. Na Akra kuma Korle Bu. Likita biyu kuke buƙata: na ƙwaƙwalwa da jijiya, da na sinadaran jiki, wanda shi ne yakan duba masu ciwon sukari. In yaro ne, a ɓangaren yara za a nemi duka biyun.

Ku faɗi sunan cutar da bakinku. Ba rashin ladabi ba ne a ce, "Likita, don Allah a duba mana ko ALD ce, ga dalilinmu." Likita na iya shekara da shekaru yana aiki bai gamu da ita ba, kuma mai ganin yara sittin a wuni abin da ya fi yawa zai fara kawowa a ransa. In da takarda daga dangin waje, a buga ta a kan takarda, kada a tsaya ana laluben ta a waya a gaban likita.

Hattara: tofi da rubutu da addu'a ba wanda ya hana, amma a yi su tare da asibiti a mako ɗaya. Kuma duk jiƙon da aka ba yaro a faɗa wa likita.

Mataki na 4: Gwajin hular ƙoda, kafin komai

A nan zan daɗe, domin nan ne ake rasa rai alhali maganin na nan a Kumasi. Wajen maza 8 cikin 10 masu ALD hular ƙodarsu takan gaza a wani lokaci na rayuwa. Ita ke samar da kotisol, sinadarin da ke riƙe ƙarfin jini da sukarin jini idan jiki ya shiga wahala. Wanda ba shi da isasshe, amai da gudawa na kwana ɗaya na iya kai shi kushewa. Ga shi kuma gwaje-gwajen da ke gaba suna buƙatar a hana yaro abinci, wani lokaci a yi masa allurar barci. Shi ya sa ba a kai shi can sai an san halin da hular ƙodarsa ke ciki.

Abin da za a rubuta a takarda: kotisol na safe, ACTH wato sinadarin da ke umartar hular ƙoda ta fitar da kotisol, gishirin jini wato sodiyam da fotasiyam, da sukarin jini. Ana ɗibar jinin wajen ƙarfe 8 na safe, domin a lokacin kotisol ke kan ganiyarsa, da yamma kuwa faɗuwa yake yi ko a jikin mai lafiya. Kun san cunkoson Kejetia da safe, don haka ku fito bayan asuba. Jinin da aka ɗiba ƙarfe 11 aka rubuta masa "na safe" kuɗi ne aka zubar.

ACTH yana da saurin lalacewa. Kwalbarsa mai murfi ruwan hoda-shuɗi ce, kuma cikin ƙanƙara ake sa ta nan take a wuce da ita ɗakin gwaji. Ku tambayi mai ɗibar jinin ko ƙanƙarar na kusa kafin ya soka allura. In aka bar kwalbar kan tebur a zafin Kumasi, lambar za ta fito ƙasa, a ce muku lafiya lau.

Yadda likita ke karantawa: kotisol ƙasa da 140 nmol/L tare da ACTH da ya ninka iyakarsa fiye da sau biyu yana nuna hular ta gaza. In lambobin sun tsaya a tsakiya, sai a yi gwajin Synacthen. A ɗebi jini, a yi allura, a sake ɗiba bayan minti 30 da kuma minti 60. Hula mai lafiya takan ɗaga kotisol ya kai wajen 500 nmol/L. Ku ware safiya guda don wannan, kuma ku tambaya tun kafin ranar ko asibiti na da allurar ko ku za ku nemo ta.

Hattara ta farko: man shafawa na bilicin, man ƙaiƙayi mai ƙarfi, da ƙwayar dekisa da wasu ke sha don ƙiba, duk suna danne kotisol su rikita sakamakon. Na taɓa ganin uwar da ke shafa wa ɗanta man nata, wai don ya yi duhu da yawa. Ku zuba duk wani mai da magani na gidan a leda ku nuna. Kada kuma a daina su kwatsam ba da sanin likita ba, wannan ma haɗari ne.

Hattara ta biyu: in yaro yana amai ba ƙaƙƙautawa, jiki ya saki, yana gyangyaɗi ko ya suma, babu zancen jiran ƙarfe 8. A wuce ɗakin gaggawa, a ce ana zargin gazawar adirinal. Za su ɗebi jini su yi masa allurar haidirokotizon, maganin da ke maye gurbin kotisol, da ƙarin ruwa ba tare da jiran sakamako ba.

A ƙasarmu, in an ga hular ƙoda ta gaza, tarin fuka ake fara zargi, kuma daidai ne a bincika. Amma duk yaro namiji ko saurayi da aka samu da wannan matsala ba tare da an ga dalili ba, ya kamata a wuce da shi mataki na 5, ko da kansa garau yake.

Mataki na 5: Gwajin kitse mai dogon zare

Sunansa a takarda VLCFA. Jini kaɗan ake ɗiba, amma galibi ƙasar waje ake aika shi, ta hannun manyan ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Sakamakon yakan ɗauki makonni. Idan ya dawo za ku ga lamba uku: C26:0, sai C24:0/C22:0, sai C26:0/C22:0. A namiji mai ALD kusan kullum sukan fito sama, tun daga haihuwa, ko da bai nuna alamar komai ba. Akwai sabon salon gwajin mai suna C26:0-lysoPC, wanda ake iya yi da ɗigon jini a busar a kan takarda. In ɗakin gwajin na da hanyar aika shi, ya fi sauƙin tafiya, domin ba ya buƙatar sanyi irin na ruwan jini.

An fi so a ɗebi jinin da safe kafin karin kumallo. Kwana biyu zuwa uku kafin ranar a ɗaga wa gyaɗa ƙafa: ba miyar gyaɗa, ba ƙuli-ƙuli, ba tunkuza, ba gyaɗar da ake watsawa a koko. Gyaɗa na ɗauke da irin wannan kitse, tana iya ɗaga lambar yaron da ba shi da komai, a tayar wa gida da hankali a banza.

Hattara: yaron da aka riga aka gano hular ƙodarsa ta gaza ba a barin sa da yunwa mai tsawo. Ku tambayi likita awa nawa, ku riƙe koko da ƙosai a jaka ya ci da zarar an cire allura. Kada kuma a fara ba shi man Lorenzo, wani mai da ake ba masu ALD su sha, in wani ya aiko daga waje. Yana saukar da lambar a jini ya ɓoye cutar, kuma ba a tabbatar yana tsayar da ciwon ƙwaƙwalwa ba.

Ga mata kuwa, wannan gwaji ba ya wanke kowa. Wajen kashi 15 cikin 100 na masu ɗauke da gadon lambarsu daidai take fitowa. Tasu hanyar tana mataki na 7.

Mataki na 6: Hoton ƙwaƙwalwa na MRI

In yaro ya riga ya nuna canjin hali ko na gani, kada a zauna jiran sakamakon waje. A nemi ranar MRI a makon da aka aika jinin. Hoton CT ya fi araha, amma yana iya tsallake farkon ciwon, don haka kada a karɓe shi a madadin.

A takarda a rubuta MRI na ƙwaƙwalwa, da allurar gadoliniyam da kuma ba tare da ita ba. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna da riga kamar robar da ke jikin wayar lantarki, ita cutar ke ci, kuma a yawancin yara daga ƙeya take farawa. Allurar ce ke nuna ko wutar na ci a yanzu, domin bakin wurin yakan yi haske. Ana iya neman gwajin ƙoda kafin a yi ta. Hoton kan ɗauki minti 30 zuwa 45, injin na da ƙara, kuma dole a kwanta ba motsi, shi ya sa ake sa ƙananan yara barci. Ku buga waya ana gobe ku tabbatar injin na aiki kuma mai allurar barci zai zo.

Hattara: ku gaya wa mai allurar barci sakamakon mataki na 4. In hular ta gaza, akwai ƙarin haidirokotizon da ake bayarwa kafin a fara.

Kada ku bar wurin da takardar bayani kaɗai. Ku karɓi hotunan a faifai, ku kwafa a wuri biyu. Ku roƙi likitan hoto ya ba da makin Loes, ma'aunin da ke tafiya daga 0 zuwa 34. Duk wata cibiya ta waje da za a tuntuɓa, wannan lamba za ta fara tambaya, domin dashen ɓargo, wanda ake yi don tsayar da ciwon ƙwaƙwalwar, ya fi amfani idan makin bai wuce 9 ba kuma yaron bai fara nuna alamu sosai ba. Idan ciwon ya yi nisa, dashen ba ya dawo da abin da ya tafi.

Babban mutum mai sandarewar ƙafa za a yi masa hoton laka ma, musamman don a kore tarin fukan ƙashin baya da tsiron ƙari. A ALD hoton lakar yakan fito kusan daidai, kada wannan ya sa a rufe bincike.

Mataki na 7: Gwajin ƙwayar gado

Sunan ƙwayar ABCD1, an gano ta a 1993. Gwajinta ne ke rufe magana, da jini ko yawu, shi ma waje ake aikawa. A fara da wanda ba shi da lafiya, a karanta ƙwayar gaba ɗaya. Da zarar an ga ainihin inda kuskuren yake, sauran dangi wannan gurbi kaɗai za a duba musu, kuma hakan ya fi araha nesa ba kusa ba. Wanda aka kira daga Amurka ko Jamus, ya ce a turo masa takardar da ke ɗauke da sunan canjin, harafi da lamba. Wannan takarda kuɗi ce.

Ku nemi zama da mai ba da shawara kan cututtukan gado kafin gwajin da bayansa. Jami'ar Ghana da ke Legon tana da cibiyar WAGMC da ke horar da irinsu, likitanku zai iya haɗa ku.

Hattara: gwajin ba ya faɗin yadda cutar za ta kasance. Wa da ƙane masu canji iri ɗaya, ɗaya na iya kamuwa da na ƙwaƙwalwa yana shekara 6, ɗayan ya kai 35 kafin ƙafa ta fara damunsa. Wajen kashi ɗaya cikin uku na yara maza ne ke samun na ƙwaƙwalwa a ƙuruciya.

Mataki na 8: 'Yan'uwan da ke wasa a tsakar gida

Sau da yawa yaron da ya kawo ku asibiti an makara a kansa, Allah ya ba shi sauƙi. Ƙanensa da ke guje-guje lafiya lau shi ne wanda duk wannan wahala za ta fi amfana. Uwa mai ɗauke da gadon, kowane ɗa nata namiji yana da rabi da rabi na kamuwa, kowace 'ya kuma rabi da rabi na ɗauka. Uba mai cutar ba ya ba ɗansa namiji, amma duk 'ya'yansa mata sai sun ɗauka, daga kowane ɗaki.

A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, in maigida lafiyarsa lau, 'ya'yan kishiya ba su cikin lissafi. Amma 'ya'yan da matar ta haifa a wani gida kafin wannan aure suna ciki, haka 'ya'yan 'yan'uwanta mata. A fara da maza 'yan ƙasa da shekara 12, sai sauran maza, sai mata masu shirin aure ko haihuwa.

Hattara, kuma da iyaye maza nake: wannan ba irin sikila ba ce da sai uwa da uba sun haɗu, kuma auren zumunci ba shi ya kawo ta ba. Cewa ta wajen uwa take zuwa ba laifin uwa ba ne, ita ma gadonta ta yi ba da saninta ba. Alhaji, in ka bari maganar ta zama gori a bakin dangi, 'yan'uwanta mata za su ɓoye 'ya'yansu, ba mai zuwa gwaji. A zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri ya kai saƙon gida-gida.

Mataki na 9: Kuɗi

Gishirin jini, sukari da kotisol su ne masu sauƙi. ACTH da Synacthen sun ɗara su. Manyan uku su ne MRI, VLCFA da ABCD1. NHIS ba ta biyan gwaji ko magani na ƙasar waje, kuma farashin abin da ake aikawa dala yake bi, don haka na watan jiya ba lallai ya zama na yau ba. Ku tambayi wuri biyu ko uku, a rubuta muku a takarda, a fayyace ko kuɗin aikawa na ciki, da wanda zai biya in jinin ya lalace a hanya. A MRI ku tambayi kuɗin allurar gadoliniyam da na barci daban, don sau da yawa ba sa cikin farashin farko da ake faɗa. In da MoMo, wato kuɗin waya, kuka biya, ku karɓi rasit na takarda.

In aljihu bai kai a yi duka a tare ba: yaro mai alamu, kotisol da ACTH, sai MRI, sai VLCFA. Ɗan'uwa mai lafiya, gwajin jini na gado ko VLCFA tukuna, in ya fito da ita sannan sauran.

Mataki na 10: Kalanda

Yaron da aka tabbatar yana da ita amma lafiyarsa lau, sa ido ne aikinsa. MRI na farko tun kafin ya cika shekara 3, sannan duk wata 6 daga shekara 3 zuwa 12, bayan nan sau ɗaya a shekara. Gwajin hular ƙoda duk wata 3 zuwa 6 har ya kai shekara 10, sannan shekara-shekara. Ku rubuta ranakun a bangon littafin nan na mataki na 1, ku fara tara kuɗin hoto na gaba tun ranar da aka yi na yau.

Wanda aka ɗora a kan haidirokotizon kullum zai sha, ba fashi, kuma ranar zazzaɓi ana ninka shi yadda likita ya rubuta. Kafin watan azumi a je a ji ta bakin likita. A yi masa ɗan kati da Turanci mai ɗauke da sunan cutar, sunan maganin, adadinsa da lambar wayar gida, a sa a leda. Ɗaya a jakar boko, ɗaya wajen malamin makarantar allo, ɗaya a jakar uwa.